Shogilas ɗin dodanni: aikin da na yi wa taubashina a bangon gabas

Ni sana'ata gilashi da alminiyam, tagogi, ƙofofi, kantocin masu kemis, shogilas na 'yan waya da na ɗakin amare, na haura shekara goma ina wanga aiki a cikin garin Sakkwato, kuma in ka cire ranar da gilashi ya tsage mani a hannu saura ƙiris in rasa babban yatsa, ba aikin da ya tsaya mani a rai irin wanda zan kawo yanzu. Dalilin da ya sa na zauna rubuta shi tiryan-tiryan shi ne bayan abin ya faru mutum biyu sun zo shagona da irin buƙatar, ɗaya mai tara ƙananan motocin ƙarfe ɗaya kuma yaro ne ɗan jami'a mai tara 'yan katun ɗin Japan, duka sai da na zaunar da su kan benci na ba su labarin daga farko, toh gara in rubuta sau ɗaya in huta.

Mai aikin taubashina ne, ɗan Gwaggona, ya girme ni da shekara huɗu shi ya sa nake ce mashi Yaya duk da wasan da ke tsakaninmu. Ba zan kama suna ba, a dangi dai yanzu Mai Dodanni ake ce mashi kuma ya gaji ya daina jin haushi. Ma'aikaci ne, yana da mata ɗaya da yara, mutum ne mai sallah cikin jam'i, ba shaye-shaye ba yawon banza, lalurarsa guda ce tal, dodannin fim. Tun muna yara in an sa kaset a gidan kallo wani ƙaton abu ya fito daga teku yana tattake benaye, mu muna ihu shi yana zaune baki buɗe ko ƙiftawa ba ya yi. A 2016 ya tsaya wurin masu baza kayan wasan yara na gwanjo zai saya wa ɗiyarsa 'yar tsana, sai ya hango wani baƙin abu cikin tarin kamar damo ya miƙe tsaye da ƙafa biyu, ga ƙayoyi jere a gadon baya, ya ɗauka ya juya tafin ƙafar ya ga tambarin Bandai da sunan kamfanin Toho, ya biya kuɗin da bai kai na faranti ɗaya na shinkafa ba ya sa aljihu. Daga wanga ne ƙofa ta buɗe. Zuwa ƙarshen 2021 da ya kira ni, guda 27 gare shi, suna cikin kwalaye a ƙarƙashin gado da saman wadirob.

Sai na ɗan yi bayanin kayan don wanda bai san su ba ya gane abin da ya lalace daga baya. Ni ma ba sani na yi ba, a bakin Yaya na ji har na haddace, don in ya fara ba ya jin kira. Japanawa suna ce wa irin waɗanga dodanni kaiju. Ubansu Godzilla, fim ɗin farko ya fito a 1954, kamfanin Toho ya yi, Ishiro Honda ya ba da umarni, Eiji Tsuburaya ya haɗa dabarun rushe-rushen, kuma a cewar Yaya abin ba don tsorata yara anka yi shi ba, shekara tara ke nan da jefa bam a Hiroshima da Nagasaki, kuma a watan Maris na shekarar Amurka ta gwada wani bam a tsibirin Bikini tokarsa ta zubo kan jirgin wasu masunta 'yan Japan. Ya ce mani "kai wanga ba dodon tatsuniya ba ne, tsoron bam ne anka yi wa ƙafa da wutsiya." Na ce toh ai namu Dodon ma gari guda yake haɗiyewa da mutane da awaki, amma ban taɓa jin wanda ya sa shi a gilashi ba. Bayan Godzilla akwai Rodan na 1956 mai fukafukai, da Mothra ta 1961 kamar ƙatuwar malam-buɗe-littafi, da King Ghidorah na 1964 mai kai uku ruwan zinari, da Gamera kunkuru na 1965 wanda wani kamfanin ne daban mai suna Daiei ya yi shi, da Mechagodzilla na ƙarfe na 1974, sai King Kong goggon birin Amurka wanda ya girme su duka don tun 1933 ya fito. Duk yana da su, wasu ma bibbiyu.

Kuma ba roba ɗaya ba ce. Mafi yawansu irin mai taushin nan ce da cikinta fanko, in ka matsa ta ɗan lotsa, Japanawa na ce mata sofubi, kamfanin Marusan ya fara fitar da Godzilla da ita tun 1966, na Yaya dai na Bandai ne na baya-bayan nan masu tsawon kamar santimita 15, wato Godzillan farko da a fim anka ce mita 50 ne an matse shi sau ɗari uku da wani abu. Akwai masu gaɓoɓi da ake lanƙwasawa, S.H.MonsterArts da Bandai ta fara a 2011, wutsiya kaɗai gaɓa-gaɓa ce kamar carbi, da na NECA 'yan Amurka waɗanda sunka daina yin Godzilla a 2020. Sai babban yaya guda ɗaya tal na kamfanin X-Plus mai santimita 30, wanda kuɗinsa da na kawowa a lokacin sun isa a sayi tunkiya mai kyau a Kara, wanga matarsa ba ta san farashinsa ba sai da rigima ta tashi. Sai kuma jabu guda biyar da ya saya farko-farko kafin idonsa ya buɗe, su ba tambari a tafin ƙafa, fenti ya haura layi, kuma in ka buɗe ledarsu wari kamar sabuwar tayar mashin.

Yadda suke isowa ma wahala ce mai zaman kanta amma ba zan daɗe a kai ba. Wani abokinsa a Legas ke haɗa mashi da nasa kaya, daga can a yi webil a tasha, kwali ya kwana ya wuni a but ɗin mota ko a saman kaya cikin rana, direba ya kira ka ƙarfe shida na safe ya ce zo ka amshi saƙonka. Sau biyu kaya na isowa a lanƙwashe. Da muna da lura tun nan ya kamata mu gane cewa abin nan ba ya shiri da zafi.

Toh ranar da ya kira ni gida cikin Disamba ya ce shogilas yake so a falo, na yi dariya har da riƙe ciki, na ce Yaya jere za ka yi? In kira 'yan uwa mata su zo da guɗa? Don ni a sanina mace ke jere, kwalla da samira da tangaran a da, yanzu kuloli da dinaset, namiji in ya yi yawa ya rataya agogon bango da kalandar banki. Ya ce in dai yi aikina. Matarsa tana daga ƙofar kicin tana jinmu, ta ce "ni shekara nawa ina roƙon a yi mani na kulolina ba a yi ba, sai ƙadangaru." Ku riƙe wagga magana, za ta dawo.

Kuskure na farko nawa ne kuma na sabo ne. Na auna tsawo ƙafa shida, faɗi ƙafa huɗu, zurfi inci 12 yadda nake yi wa amare, ban tsaya na kalli kayan da kyau ba. Faranti ba ya da wutsiya. Da munka zo gwadawa Shin Godzilla na 2016, wanda wutsiyarsa ta fi gangar jikinsa tsawo, ya ƙi shiga ko ta wace fuska sai a karkace, Ghidorah kuma fukafukansa sun cinye rabin kanta shi kaɗai. Dole na kwance na maida zurfin inci 18, asarar alminiyam a kaina. Kantoci huɗu na gilashi mai kaurin mili 5, ta ƙasa kuma filawud na shafe ta da banish tana ƙyalli, na sa madubi a baya don abu ɗaya ya zama biyu irin yadda amare ke so, sannan a sama na dasa 'yan ƙananan ƙwai masu haske ruwan ɗorawa irin na shagon masu gwal, waɗanda in sun yi minti goma ba ka iya taɓa su. A lokacin ni gani nake na ƙure adaka.

Kuskure na biyu na mu biyu ne, kuma shi ne uwar matsalar duka. Falon yana da ƙofa a kudu, talabijin a arewa, babbar taga a yamma, bangon da ya rage babu komai shi ne na gabas. Nan munka kafa shi. Ba wanda ya yi tunanin komai, ni ina duba inda soket yake, shi yana duba inda baƙo zai fara gani in ya shigo.

Ya jera su bisa shekara, daga 1954 a sama hagu har zuwa na fim ɗin 2021 da Godzilla ya kara da Kong a ƙasa dama, kuma gaskiya in an kashe wutar falo an kunna ta ciki abin yana da kyau, inuwar ƙayoyin bayan nan tana faɗawa kan madubi, yaran maƙwabta har layi suke yi a taga. Sati biyu ba a yi ba hunturu ya nuna mana halinsa. Ƙofofin masu zamewa ne, tsakanin gilashi da gilashi akwai 'yar kafa da ba ta kai kaurin ashana ba, amma ƙurar Sakkwato ba ta neman izini, kuma fatar Godzilla duk gurgura ce kamar bawon bagaruwa, ƙura in ta shiga ba tsumman da ke fitar da ita, baƙin dodo ya koma ruwan ƙasa. Ga turaren wuta da ake sawa a falo safe da yamma, hayaƙinsa yana da maiƙo, ya kwanta a jiki ƙura ta bi ta manne. Ga maganin sauro na fesawa. Yaya ya kira ni ya ce in toshe ko'ina. Na kawo siririn soson roba na bi duk gefuna na liƙe, na bi kusurwoyi da silikon, na fito ina alfahari cewa ko iska ba ta shiga. Kuskure na uku ke nan, kuma a ranar yabo na sha a kansa.

Azumin 2022 a Afrilu ya faɗo, wanda ya yi shi a garin nan ya san abin da nake nufi, zafi ya haura digiri 40 kullum, wuta sai a hankali. Bayan sallah da kwana biyu Yaya ya kwashi iyali sunka tafi garin su matarsa za su yi sati, anka rufe gida ruf, ba fanka ba taga a buɗe, kuma wajen gaggawar fita labulen tagar yamma an bar shi a zuge rabi. Kwana takwas sunka yi. Ranar da sunka dawo bayan isha'i ya kira ni, muryarsa kamar an yi rasuwa, ya ce in zo yanzu.

Da na zame ƙofar gilashin wani huci ya bugo ni a fuska, irin na motar da ta wuni a rana, da warin roba mai hawa kai. Godzillan 1954, wanga na gwanjo na farko, ya sunkuyo gaba hancinsa ya dafe da gilashin ƙofa kamar yaro a tagar mai alawa, idon sawunsa duka biyu sun lanƙwashe. Ghidorah wuyansa na tsakiya ya kwanto kan ƙirji, na hagu ya karkata, fiffike ɗaya ya naɗe. Na sa hannu zan ɗaga Gamera daga kantar ƙasa ya ƙi tasowa, da na ja sai ya taso da banish a tafin ƙafa ya bar sawu huɗu a katako. Jabun nan biyar kam in ka taɓa su kamar ka taɓa alewar da ta kwana a aljihu, yatsa na manne. Mothra da ke daidai inda rana ke sauka, launin fukafukanta na gefen taga ya koɗe, in ka haɗa da ɗaya gefen sai ka rantse ba abu ɗaya ba ne. Yaya yana tsugune bai ce komai ba sai juya na X-Plus yake a hannu yana duba ko'ina, shi Allah ya taimaka ya ɗan jingina da bango ne kawai. Matarsa ta leƙo ta ce "sannu Abban yara" ta koma, kuma na ga alamar da gaske take.

Abin da ya faru ba asiri ba ne ba kuma aljanu ba, duk da akwai wadda ta faɗi haka a dangi. Robar nan asalinta mai tauri ce irin ta bututun ruwa, wani sinadari mai kamar mai ake zuba mata don ta yi laushi. In ta ji zafi abu biyu ke faruwa, jikin ya saki, shi kuma man ya dinga tsattsafowa waje. Dodo mai fanko a ciki, ga kai ga wutsiya duk nauyi a kan idon sawu, in ya saki dole ya durƙusa. Man da ya fito in akwai iska yana bin iska a hankali, amma ni na toshe ko'ina, sai ya zauna a fatar ya zama danƙo, inda kuma ya haɗu da banish ya narkar da shi, abin da ya kama Gamera ke nan. Jabu sun fi lalacewa don robarsu da fentinsu na araha ne. Ita kuma rana daga bayan azahar har faɗuwarta ta tagar yamma take shigowa ta daki bangon gabas kai tsaye, ta ratsa gilashi, madubina ya maido ta, zafi ya shiga ba hanyar fita. Wato ba shogilas na ƙera mashi ba, tanda na ƙera, da an sa ƙullu da ya tashi. Koɗewar launi kuma aikin hasken rana ne ba zafi ba, shi ba ya da magani. Yaya da ya ɗan dawo hayyacinsa har ya samu bakin ba ni labari, wai Haruo Nakajima mutumin da ya sa rigar Godzilla daga 1954 har 1972, rigar farko ta kai kilo 100 kuma zafin cikinta har sumar da shi ya yi a wurin ɗaukar fim. Na ce ashe gado ne, gidanku ba ku shiri da zafi.

Gyaran ya ci mana Asabar da Lahadi. Munka shimfiɗa tabarma a inuwar baranda, roba uku, ɗaya ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, ɗaya ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, ɗaya ruwan ƙanƙara. Masu danƙo anka jiƙa su awanni a ruwan sabulu sannan a bi da tsohon burushin haƙori mai laushi, a ɗauraye a shanya a inuwa. Ni na kawo shawarar a ɗan goga kananzir ko tina yadda muke cire gam a gilashi, ya kusa mari na, su suna cin fenti har robar ma. Masu lanƙwasa kuma a tsoma ƙafar cikin ruwan zafi kamar minti ɗaya har ta yi laushi, a miƙe ta da hannu a dafa a kan tayil ta zauna daidai, ana riƙe da ita a haka a tsunduma cikin ruwan ƙanƙara ta sandare. Na ga abin mamaki, Godzillan gwanjo ya miƙe tsaf kamar ba shi ba. Wuyan Ghidorah da handirayar matarsa munka bi shi don fiffiken ba ya shiga roba, ya miƙe, amma kwana uku ya sake ɗan kwantawa. Jabu biyu duk wankin da anka yi washegari danƙon ya dawo, anka jefar. Na ciro ƙwan nan masu zafi, na ɓare soson sama, anka sa labule mai kauri, kaya sunka koma mazauninsu, mu a tunaninmu magana ta ƙare.

Cikin Yuni matarsa ta haihu. Ka san gidan haihuwa, mata ke cika ko'ina, kuma Gwaggo wadda ba ta cika zuwa gidan ba don shi ke zuwa gaishe ta kullum, ta zo ta wuni ranar suna. Shi Yaya a masallaci yake sallah, matarsa a ɗakinta, saboda haka wata shida ba wanda ya taɓa shimfiɗa darduma a falon nan. La'asar ta yi, ɗakuna sun cika, anka shimfiɗa wa Gwaggo darduma a falo, ta gyara lulluɓi ta fuskanci gabas ta ɗaga ido. Ni ina bakin ƙofa da kwanon waina a hannu. Dodanni ashirin da biyar sun buɗe baki suna kallonta, madubi ya ninka su hamsin.

Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya san ta ya san hakan ya fi muni. Ta ce a kira mata shi. Ya shigo ya durƙusa. Ta ce "wai mi na wanga nika gani? Gumakka anka jera a gabas, nan za ni kai goshina ƙasa?" Ya ce "Inna roba ta, kayan wasa na." Ta ce "wasa, da gemunka?" Sannan ta juyo kaina, "kai kuma ɗan nema, kai ka gina masu ɗaki ko?" Na ce Gwaggo aiki anka ba ni. Ta naɗe dardumarta ta shige ɗakin mai jego, kuma har ta tafi ba ta ci abincin sunan ba. A nan ne na tsaya na kalli bangon nan da kyau, bangon da rana ke duka shi ne dai alƙibla, mu biyu musulmi 'yan Sakkwato da tef a hannu ba wanda ya tuna.

Kwana biyu Kawunsa, wanda ni Baffana ne, ya aiko mu je mu biyu. Ya karanto hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba su shiga gidan da ke da kare ko sura, ya ce shi ba malami ba ne amma wanga ko ɗan makarantar allo ya san shi, ya tura mu wurin malamin da Yaya ke ɗaukar karatu a zaurensa. Malam bai yi faɗa ba. Ya ce a mazhabar Malikiyya abin da anka fi tsanantawa shi ne sura mai inuwa, wato mai jiki ba zane ba, ta abu mai rai, wadda gaɓoɓinta sunka cika, kuma an yi rangwame ga 'yan tsanar yara mata saboda Nana A'isha ta yi wasa da su. Yaya da ya kwana yana shirya hujja ya ce "Allah gafarta Malam, ai waɗanga ba halittar da ke akwai ba ce, ba wata dabba mai kai uku." Malam ya yi murmushi ya ce a cikin kayan wasan Nana A'isha ma akwai doki mai fukafukai kamar yadda ya zo a Abu Dawuda, shi ma ba a taɓa ganinsa a kasuwar dawaki ba, amma rangwamen don yarinta anka yi shi, "kai kuwa shekarunka nawa?" Yaya ya ce toh na ƙarfen fa, shi ai inji ne ko a fim. Malam ya ce in ka nuna wa yaro zai ce maka inji ne ko dabba? Shiru. Ƙarshe ya ce abin da ba jayayya a kai, a raba su da inda ake sallah da inda iyali ke zama, kuma a faranta wa mahaifiya, sauran kuma ya ji hukunci, tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Bai ce mashi in ka kai su wani ɗaki sun halatta ba, na faɗi wanga don Yaya wani lokacin in yana ba da labarin yana tsallake wurin.

Ni ma ban fita fes ba, don na karɓi kuɗin aiki, kuma na yi ta juya abin a raina kwanaki.

Abin da anka yi daga baya shi ne wanga. Akwai wani ɗan ɗakin ajiya a gefen arewa na gidan kusa da ƙofar waje, rana ba ta dukansa kai tsaye, anka yi mashi silin don kwano ne tsirara a da. Na haɗa kai da wani kafinta munka yi kabad na katako mai ƙofofin katako, ba gilashi a gaba ba madubi a baya, kantoci gilashi zalla don kar a sake haɗa roba da banish. Munka huda ramuka sama da ƙasa anka rufe su da raga da yadi mai laushi, iska na wucewa ƙura na tsayawa, yadin ake cirewa a wanke. Ƙafafun alminiyam na yi mashi taƙi ɗaya daga ƙasa saboda gara, kuma bai jingina da bango ba. Fitila ta zare ce mara zafi, sai an buɗe ake kunnawa. Duk Juma'a da yamma yana buɗewa su sha iska ya bi su da burushin hoda wanda ya saya wa kansa bayan an kama shi da na matarsa, da damina ya zuba 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, da hunturu kuma ba ya lanƙwasa masu gaɓoɓi da sassafe don roba in ta ji sanyi tana ƙagewa, ya taɓa karya yatsan Mechagodzilla a haka. Sauran jabu uku ya ba yara, ya sayar da shida ta WhatsApp ga wani a Abuja, saura 16.

In ka tambaye ni, kabad ɗin na biyu ya fi na farko aiki nesa ba kusa ba, bazara ta zo ta wuce ba sau ɗaya ba, ba wanda ya sake durƙusawa, amma ba abin da Yaya ya nema ba ne. Shi so ya yi a gani. Hotunan da yake nuna mani a waya na masu tara irin kayan a Tokiyo da Amurka, bango guda gilashi da fitilu, mutanen nan ba su da ranarmu ba su da ƙurarmu kuma ba Gwaggo da za ta zo suna, mu munka kwafo hoton munka manna a bangon gabas. Wanda duk ya zo mani da irin aikin yanzu kafin in ciro tef sai na tambaye shi ina tagar yamma, ina ake sallah, wa ke shigowa ɗakin, kuma tsohuwarsa ta san da kayan ko ba ta sani ba. Ɗan jami'ar nan da na yi wa tambaya ta ƙarshe dariya ya yi, bai dawo ba.

Shogilas na farko yana nan a falo inda yake, cike da kuloli da dinaset, madubi na ninka su, matar Yaya har tukwici ta ba ni ta ce aikina na kyau. Gwaggo ta dawo cin abincin gidan, ba ta taɓa tambayar ina anka kai su ba shi ma bai taɓa faɗa mata ba. Tun daga lokacin bai ƙara sayen ko ɗaya ba, shi yana cewa dala ce, kuma gaskiya tun da anka saki naira a Yunin 2023 abin ya fi ƙarfin ma'aikaci, ni dai ina ganin maganar Malam ma tana ciki. Amma a Maris ɗin 2024 da Godzilla Minus One ya ci kyautar Oscar, karo na farko da wani fim ɗin Godzilla ya samu, ƙarfe ɗayan dare ya turo mani hoton robar sabon dodon ba ko kalma a ƙasa. Da safe na kira na ce Yaya in zo in ƙara kanta ne? Ya ce a'a, akwai wuri a ta ƙasa. Wancan satin na je gyara masu ragar taga na leƙa ɗakin, ta ƙasan tana nan wayam, Ghidorah kuma yana sama an tokare mashi wuyan tsakiya da tsinken tsire.